Hoton da Na Jiƙa a Shayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ofishin lauya da hoto a aljihu ba, ina taku kamar wanda ya riga ya ci shari'a. Na haura hamsin a lokacin, gemu ya yi fari, wato ba ni da uzurin ƙuruciya.

Sana'ata walda. Muna da warsha, wato shagon aiki, a unguwar Ka'akiyya a nan Makka, ni da Garba yayan matata, da wasu mutum uku. Abin da ke ciyar da mu wani ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a jikin arabiyya, keken nan da ake tura tsofaffin alhazai. Shi ke riƙe laima. Yana da gwiwa, sai ka karkata shi duk inda rana ta juya. Duk mai tura keke zuwa Mina ya san shi. Kuma duk wanda ya taɓa shan shayi da ni ya san ni na ƙirƙiro shi, don ni nake faɗa. (Labarin har da mafarki a ciki. Wani lokaci bayan asuba abin ya zo mini, wani lokaci bayan la'asar, ya danganta da mai sauraro.)

Saura wata huɗu aikin Hajji sai ga takarda daga wani kamfani. Wai suna da bara'a a kan ƙarfen, wato shaidar hukuma cewa su suka ƙirƙiro shi, ba mai ƙera shi sai da izininsu. In mun ci gaba, kotu. Karatuna bai yi nisa ba, amma na gane fassarar: a rufe warsha, gida biyar su nemi abinci a wani wuri.

Aka haɗa mu da wani lauya, Ustaz Faisal, jikan Kanawa haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci.

“Ya ammi,” in ji shi, wato baffana, “ba za mu je mu ce naka ne ba. Za mu nemi kwamiti ya sake duba bara'ar. In mun nuna abin yana hannun jama'a kafin ranar da suka shigar da takardunsu, khalas, ba sabo ba ne, ta rushe.”

Na ce, “To ai ni ne hujjar. Ga ni zaune.”

“Kai babu kwanan wata a jikinka. Ina son hoto, ko jarida, abin da za a ce ga ranarsa.”

Na koma gida na birkice akwatuna. Babu. Wa ke ɗaukar ƙarfe hoto? Shekara da shekaru ina ƙona ido a kansa, ban taɓa tunanin zai buƙaci takardar haihuwa ba.

Sai na yi dabara. Na ce a raina ai ba ƙarya ba ce, gaskiya ce da ta rasa hoto, zan taimaka mata kawai. Na hau da arabiyya saman gidanmu a Utaibiyya, hawa huɗu, babu lif. Na sa tsohuwar jallabiya, na shafe gemu da baƙin rini, na miƙa wa matata Rabi waya.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Malam, aure za ka ƙara?”

“Aikin ofis ne. Ɗauka kawai.”

Na tsaya na ba wajen Harami baya don hoton ya samu albarka. Aka wanke mini shi, na jiƙa shi a shayi, na shanya, na lanƙwasa gefe guda, na ɗan goga shi a ƙasa. A bayansa na rubuta shekara ta hijira, na ja ta baya da goma sha biyar. Wallahi da na gama ni kaina sai da na ji kewar wancan zamanin.

Washegari muka je ni da Garba. Na ajiye hoton a tebur. Ustaz Faisal ya ɗauka, ya duba gaba, ya duba baya, ya sake duba gaba.

“Masha Allah, ammi. Wannan shekarar kai ka rubuta?”

“Da hannuna.”

“Wannan na bayanka fa?”

Na leƙa. Dogon ginin agogon nan ne, tsaye a saman kafaɗata, har ana iya karanta ƙarfe nawa. Mu mazauna Makka mun saba ganinsa ta kowace taga har mun daina ganinsa, kamar hancin mutum.

“A shekarar da ka rubuta,” in ji shi, “ko ramin ginin ba a haƙa ba.” Ya kai hoton hancinsa. “Da na'ana'a ka dafa?”

Na'ana'a ce.

Ya daina murmushi. “Da wannan ya kai gaban kwamiti, ba warsha kaɗai za ka rasa ba.”

Ina neman inda zan ajiye idona sai Garba ya yi gyaran murya, ya zaro wata leda daga aljihu. A ciki akwai shafin tsohuwar mujallar aikin Hajji, da kwanan wata a bugge a sama. Inna, surukata, ta ajiye shi a akwatinta. Hoton marigayi mijinta ne yana tura wata tsohuwa, ga laima, ga ƙarfen, ga gwiwar, komai daidai da namu.

Ustaz Faisal ya miƙe tsaye. “Haza huwa! Wannan muke nema.” Sai ya matso da shafin kusa da ido. “Wannan na tsugune a gefe wane ne? Kamar yana auna ƙarfen da tafin hannu.”

Garba ya ce, “Mai mafarkin ne.”

Ni ne. Da sumata cike da kai, shekarar da nake neman auren Rabi. Na manta da ranar sarai, ko kuma na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawa har na yi nasara.

A mota na ce, “Yaya Garba, tun yaushe ka san da wannan?”

“Tun ranar da ka fara ba da labarin.”

“Ka bar ni ina zuba shekara ashirin?”

“Inna ce ta ce a ƙyale ka. Ta ce kana riƙe mata 'ya da kyau, ƙarfe ba wani abu ba ne.”

Abin ya ɗauki watanni, amma bara'ar ta rushe, warsha tana nan har yau. A kwafin da aka kai kwamiti lauya ya zagaye ƙarfen da jan biro, zagayen ya haɗa da rabin kaina. Haka na shiga fayil ɗin hukuma.

Hujjar da ta kayar da kamfani ita ta kayar da ni, ba ta duba wa ya kawo ta a mota ba. Abin da na koya kaɗan ne: kafin ka ce kai ka fara wani abu a duniya, je ka gaida surukarka, ka tambaye ta me ke cikin akwatinta.