Ranar da Na Kashe Baba Bitrus a Bangon Sharada

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kashe Baba Bitrus ba, alhali bawan Allah yana cikin kamfani yana ta aikinsa, ko ciwon kai ba ya yi.

Lokacin ina digiri na biyu, ina bincike a kan yadda zane da hoto ke sauya tunanin jama'a. Na yi karatu har kaina ya kumbura. A gida ko gishiri aka tambaye ni sai na san yadda na karkato da zancen zuwa tasirin hoto. (Ƙanwata har ta daina zama kusa da ni.) Malamin da ke duba aikina ya ce karatun ya isa haka, in fita in gwada a kan mutane. Sai na zaɓi wani kamfanin roba a Sharada. Tunanina shi ne, duk Kano da butar roba ake alwala, amma ba wanda ya san fuskar mai yin ta. In na manna ƙaton hoton ma'aikaci a bangon kamfani, masu wucewa za su tsaya su dube shi a matsayin mutum, ni kuma in tsaya gefe ina ɗaukar yadda zukata ke motsi.

Manaja ya yarda, ma'aikata ne suka ƙi. Wannan ya ce ba ya son hotonsa a titi, wancan ya ce sai ya yi shawara. Mutum ɗaya ne ya amince, Baba Bitrus, wani dattijo ɗan Kudancin Kaduna da ya fi kowa daɗewa a kan injin butoci. Dariya ya yi ya ce, "Ɗauka, 'yata. Wannan fuskar ba wanda zai sace ta."

Na zauna na tsara abina. Na mai da hoton fari da baƙi don ya yi kwarjini, na zagaye shi da baƙin layi. A ƙasa na sa sunansa da manyan baƙaƙe, sannan shekarar da ya fara aiki, ɗan layi a tsakani, sai shekarar da muke ciki. Mai buga fosta ya ga kamar akwai sauran fili, ya ƙara furanni a kusurwoyi, ni kuwa har godiya na yi masa. Na sha wuce irin wannan fosta a Sabon Gari, wadda Kiristoci ke mannawa idan an yi musu rasuwa, amma ko sau ɗaya kaina bai kawo min ita ba. Ni dai fasaha nake gani.

Ina son in ba Baba mamaki, don haka na bari sai da masu aikin safe suka shige, na sa aka manna ta daidai bakin ƙofa. Na koma gindin wata bishiya kusa da mai sayar da shinkafa da wake, na kunna bidiyon wayata.

Mai shinkafar ce ta fara. Ta ɗago ta ga hoton, ludayi ya faɗi daga hannunta, ta ɗora hannu a ka. Ta je ta ɗauki hoton fostar da wayarta tana share hawaye. Wani mai adaidaita sahu ya tsaya ya cire hula. Wasu mata biyu suka rungume juna. Wallahi wani daɗi ne ya rufe ni. Na ce a raina, ga tasiri ƙiri-ƙiri, babi na huɗu ya rubuta kansa. (Har na fara hango kaina ana kira na Dakta.) Ban san mai shinkafar 'yar cocin su Baba ba ce, kuma ta riga ta tura hoton guruf ɗinsu.

Rana ba ta gama ɗagawa ba wurin ya cika. Sai ga adaidaita ta tsaya da ƙarfi, wata mata mai jiki ta diro da takalmi ƙafa ɗaya, matan zumuntar coci na riƙe da ita. Tana ganin hoton ta zube a ƙasa ta kurma ihu. Ni kuma, Allah ya yafe min, na ga wannan ita ce shaidar da ta fi kowacce. Na kutsa cikin mutane, na durƙusa gabanta, na kai mata waya daidai baki, na gyara murya irin ta 'yan jarida na ce:

"Sannu Mama. Don Allah, me kika ji a zuciyarki da kika ga wannan hoton?"

Ta ɗago jajayen idanu ta dube ni. "Ke 'yar kamfanin ce?" in ji ta. "Yaushe abin ya faru? Da safen nan fa ya sha kunu a gabana. Ina kuka kai min gawar mijina?"

Gawa. Na waiga na dubi fostar, a karon farko na gan ta da idon kowa: baƙin layi, furanni, shekara zuwa shekara.

"Mama, yana raye! Wallahi yana ciki yana aiki, ni ce na..."

Ba wanda ya saurare ni. Wata daga cikin matan ta ce tun ɗazu suke kiran wayarsa ba ya ɗauka. Ta sake kira. Dokar kamfanin ita ce kowa ya ajiye wayarsa a ɗakin mai gadi kafin ya shiga, don haka sai ga waƙar coci tana tashi daga tagar mai gadin, kowa na ji. Mama Rifkatu, sunan matar ke nan, ta miƙe tana nuna tagar. "Wayarsa ce! Ga wayar, ina mai ita?"

Nan wuri ya hargitse. Wani ya ce inji ne ya cinye shi tun da sassafe. Wani ya ce ai haka masu kamfani suke yi, su ɓoye gawa su sallami iyali da fosta. Samari suka fara dukan ƙofar ƙarfe, na ga wasu suna tsintar duwatsu. Mai gadi ya tura sakata, ya ce shi ba a ba shi izinin fito da kowa a lokacin aiki ba. Ana cikin haka Mama Rifkatu ta dafe ƙirji ta sulale. Na ji wata tana cewa, "Ku ba ta iska, hawan jini gare ta!" Aka shiga yi mata fifita da gefen zani, idanunta a rufe, bakinta na motsi.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Matar nan za ta iya mutuwa da gaske saboda mutuwar ƙarya da na buga da hannuna. Abin da ya fi muni, ni kaina na fara shakka. Ai ban ga shigarsa da idona ba, cewa aka yi ya shiga. In kuma wani abu ya same shi fa? Na manne da tagar mai gadi ina kuka ina roƙo. "Baba, don girman Allah ku kira manaja. Ku ce masa ɗalibar nan ce, ta jawo masifa."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na ga kamar shekara. Can ƙaramar ƙofa ta buɗe, manaja ya leƙo, bayansa kuma Baba Bitrus ne cikin kayan aiki, da safar hannu, yana ƙifta ido saboda rana. Matan zumunta suka watse da ihu, ɗaya har ta bar zaninta na sama. Shi kuwa ya dubi taron ya ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Ya hango matarsa a ƙasa, ya ruga ya tallafo kanta yana kiran sunanta. Ta buɗe ido, ta shafa fuskarsa, ta ja kunnensa da ƙarfi har ya yi ƙara, sannan ta fashe da wani sabon kuka. Sai da aka zaunar da ita ya ɗaga kai ya ga bango. Ya daɗe yana kallo. Manaja ya nuna ni da yatsa, duk taron ya juyo. Ina tsaye, mayafi ya zame, majina har leɓe, wayar kuma na hannuna tana ci gaba da ɗaukar bidiyo.

Bayan kwana biyu Ummata ta tasa ni gaba har gidansu ba da haƙuri. Mama Rifkatu tana kwance, an ƙara mata magani. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na yafe miki, 'yata. Amma kin sa na yi kukan mijina tun yana raye. Ban san ko ƙarfina zai kai na biyu ba." Na rasa inda zan sa fuskata.

Da za mu tafi Baba ya rako mu, ya rage murya ya nuna min bayan kabad. Fostar ce a naɗe. "Hoton ya yi kyau," in ji shi. "In ranar mutuwata ta zo, shekarar kawai yara za su gyara." Daga ɗaki takalmin Mama Rifkatu ya biyo shi.

Na gama digirin, kuma har yau ina cewa hoto yana motsa jama'a, ai na gani da idona. Sai dai yanzu ba na manna fuskar kowa a bango sai na fara nuna wa matarsa. In kuwa na ga mutum yana kuka a gaban aikina, nakan mai da waya jaka in fara yi masa sannu.