Tambarin da Na Liƙa wa Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai motata gaban masana mota a unguwar Karewa. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Shekarata ta farko ke nan a Jimeta. An yi mini canjin wurin aiki, iyalina na can Kaduna, ni kuma ina ciki da falo ni kaɗai. A ofis da an tashi kowa ya kama gabansa, hirarsu ma rabi da Fulatanci ake yi, ni kuwa gaisuwa kawai na iya. Asabar ce ta fi yi mini tsawo. Sai in wanke kayan da ba su yi datti ba, in kwanta ina kallon fanka.

A bayan layinmu, nan Karewa, akwai wajen wankin mota, inda wasu mutum shida ke haɗuwa duk Asabar da la'asar. Dukansu motocin wani kamfanin Jamus suke hawa, kuma ba su da zance sai nasa. Wannan ya ce tun da aka faɗaɗa hancin motar aka lalata ta, wancan ya ce ai sabon fasalin ya fi kwarjini. Nakan kai tawa wanki (ko ba ta yi ƙura ba) in zauna can nesa ina kasa kunne. Ita ma ta kamfanin ce, tsohuwar yayi mai zagayayyun fitilu, fulogi huɗu, ba ta da gudu sai haƙuri. Ba wanda ya taɓa ce mini matso, ni ma ban taɓa wuce sallama ba. Amma Allah Ya sani ina son a sa ni cikin hirar nan.

Na lura in aka ambaci wani ɗan tambari mai ratsi, wanda kamfanin ke sa wa motocinsa masu gudun tsiya, har murya suke sassautawa. Sai zuciya ta raya mini cewa abin da ya raba ni da su ke nan.

Na tafi Dubeli wajen masu sayar da kayan ƙawata mota. Wani mai shago ya zaro mini tambarin daga cikin leda.

"Oga, wannan orijina ne, no wahala. Ka sa shi kawai, motan zai canza."

Na koma gida, na sa wuƙar yankan albasa na ɓamɓare lambobin asali da ke bayan motar, na watsa su kwandon shara, na liƙa sabon da gam. Na ja da baya na duba. Wallahi har gani na yi ta ƙara faɗi.

Ranar Asabar na faka ta a gabansu, na saita bayanta daidai idonsu. Hira ta tsaya. Wani dattijo da suke kira Bappa Hammadu, tsohon direban gwamnati kuma mai raba musu gardama, ya yafito ni.

"Malam, bismilla. A nan in baƙo ya zo, muna jin muryan motan shi kafin mu ji nashi. Ka tada shi."

Ashe al'adarsu ce: duka su juya baya, baƙo ya taka totur, kowa ya faɗi irin injin da ya ji. Ban taɓa gani ba, don tun da nake zuwa ba su yi baƙo ba.

Na shiga, na tayar, na taka har ƙasa. Baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta, ta saki wani kuka kamar injin markaɗe.

"Fulogi huɗu," in ji Ticha Ishaya, wani malamin makaranta a cikinsu, tun ban ɗaga ƙafa ba. Sauran ma suka ce huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

A nan ya kamata in yi dariya in ce wasa nake. Ban yi ba. Na fito na ce (Allah Ya yafe mini) ai irin ta musamman ce, ƙalilan aka ƙera, haka sautinta yake.

Ticha Ishaya ya gyara zaman gilashinsa ya ce a hankali, "Oga, lokacin da aka ƙera wannan bodi, kamfanin bai fara sa wa ƙananan motoci wannan tambari ba. Kuma ka liƙa shi a hagu. A dama yake zama."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Bappa Hammadu ya zagaya bayan motar, ya durƙusa da ƙyar, ya shafa inda wuƙata ta kankare fenti.

"Lamban da ke nan fa?"

"Na zubar, Bappa."

Ya miƙe tsaye. "Wata uku muna kallon motan nan. Duk Yola da Jimeta ba wani irin shi da ba a taɓa ba, komai nashi yadda ya fito. Kullum muna cewa waye zai je ya kira mai shi. Muka ga kana zama can nesa, muka ce mutumin ba ya son surutu, a bar shi."

Ban san yadda na yi musu sallama ba. Ina isa gida na zazzage kwandon shara, amma an kwashe tun Alhamis. Na ɓamɓare tambarin, ya taho da fenti.

Asabar ta gaba ban je ba, haka wadda ta biyo ta. Ticha Ishaya ya taɓa ɗaga mini hannu a shataletale, na yi kamar ina duba madubi. Shekara na zagayowa aka mayar da ni Kaduna, ban yi hira da su ko sau ɗaya ba.

Yanzu in na je baƙon wuri nakan yi sallama, in ja kujera in zauna ko ba a ce mini ba. Abin da ya kamata in yi ke nan a Karewa. Taku goma ne tsakanina da su, ni kuma na bi ta Dubeli.