Bedin Kwamanda

Wani ne a Tasawa, shekarar da fari ya cinye gero tun yana tsaye, ga soja riƙe da ƙasa. Rairayi ya fara shigowa gari har bakin kasuwa. Sai kwamandan gari ya sa aka yi shela: kowane magidanci ya karɓi ɗan icen bedi, wato dogon yaro, ya dasa a ƙofar gidansa. Bayan wata uku malamin daji zai zagayo. Wanda nasa ya mutu, wata guda zai yi yana ɗibar ruwa a ka yana shayar da itatuwan babban titi, jandarma na biye da shi.

Mutumin nan kuwa ko hular jandarma ya hango a rataye sai ya sake hanya. Ya je ya karɓo nasa. Malamin daji ya ce masa, "Abu ukku za ka tsare mashi: rana, iska, da awaki."

Ya dawo gida ya haƙa rami. Ya dubi ramin, ya dubi rana, ya ce ina! Ya shige madafa ya ɗauko tukunyar miyar matarsa Furera, ya cika da ƙasa, ya dasa bedin a ciki.

Furera ta ce, "Malam, cikin mi zan yi miya?"

Ya ce, "Ke, wa ya taɓa shan kamu don miya?"

Tun daga ranar bedi ya zama ɗan gata. Da hantsi ya shigar da shi ɗaki, da la'asar ya fito da shi shan iska, in iskar ta yi ƙarfi ya yafa masa zanen Furera. Lokacin shayarwa kuwa ba ya kawo masa ruwa, shi yake kai shi. Ya ɗora tukunya a kan jaki, ya bi layin makiyaya a bakin rijiya, tsakanin raƙuma da shanu.

Maƙwabcinsa Ƙadri ya gan shi ya ce, "Kai wane, icce ne wanga ko amarya?"

Ya ce, "Yi dariyarka. Ran da ka ɗauki tulu bisa titi, ni zan riƙe maka gammo."

Haka aka yi ta yi. Mutum ya rame, jaki ya rame, bedi sai sheƙi yake.

Ranar zagayen malamin daji, da safe, ya fito da tukunya ya ajiye bakin ramin. Ya shiga ciki ɗauko babbar riga don a gan shi da mutunci. Akuyarsu kuwa, wadda a shekarar har kwali take ci, tana gefe tana kallo wata uku. Kafin ya gama sa hannu ɗaya a riga, ta yi wa bedi loma biyu. Ko tsinke ba ta bari ba.

Ya fito ya ga tukunya fayau, ga akuya tana lasar baki. Ya yi salati ya dafe kai. Can sai ya ce, "Furera, kawo igiya! Kawo ruwa!"

Ya cusa akuya cikin ramin, ya kewaye ta da ƙaya, ya shiga kwarara mata ruwa a ka. Akuya na ihu, shi yana cewa, "Haɗiye, don Allah, ya kai mashi!"

Sai ga malamin daji, jandarma biyu a bayansa, rabin unguwa na biye.

"Ina iccenka?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Yanzu ma nike ba shi ruwa."

Malamin daji ya leƙa cikin ƙaya. Akuya ta dube shi ta ce meee.

"Kai! Wagga ai akuya ce!"

"Daga waje ke nan. Iccen yana ciki."

Malamin daji ya daka masa tsawa, "Mi na ce ka tsare mashi?"

Ya ce, "Rana, iska, da awaki, ranka ya daɗe. To inda yake yanzu rana ba ta ganinai, iska ba ta taɓa shi, kuma nuna mani akuyar da za ta iya cin shi!"