Tattabarar da Ta Ƙi Tashi

Ba zan taɓa mantawa da tattabarar Malam Habu ba, ko da kuwa na tsufa na manta sunana.

Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata makarantar coci a Bompai, a bayan sito-siton nan da manyan motoci ke tare wa hanya. Gwaji aka ɗauke ni. Ranar kuma shugabarmu, Mama Rifkatu, za ta zauna a ajina ta ga ko za a riƙe ni. Darasin shi ne yadda jirgin sama ke tashi.

Ni da iyayina, na ce zane a allo ya yi mini kaɗan. Na je wurin maƙwabcina Malam Habu, mai kiwon tattabaru, na roƙi aron guda.

"Ga wadda ba za ta ba ka wahala ba, Malam," ya ce, ya sa mini ita a kwali. (Ban tambayi dalili ba. Mai digiri ina shi ina tambaya?)

Na yi bayani har da gumi: yadda fiffike ke tura iska ƙasa, iska kuma ta ɗaga shi sama. Na ce tun kafin mutum ya ƙera jirgi, Ubangiji ya gama wannan lissafi a jikin tsuntsu. "Ku kalli aikin Allah!" Na ciro tattabarar, na cilla ta sama.

Tim! Sai kan cinyar Mama Rifkatu.

Ashe sabuwar saye ce, an fige mata dogayen gashin fiffike don kada ta koma tsohon gidanta. Duk mai kiwo ya san haka, ban da ni.

Dariyar yaran ba ta dame ni ba kamar wata yarinya, Saratu, da ta ɗaga hannu, idonta ya kawo ruwa. "Malam, ita wannan Allah ya manta da ita ne?"

Na manta da zancen aiki. Na ɗauko tattabarar, na buɗe fiffiken, na nuna mata gurbin gashin. "Bai manta ba. Hannun mutum ne ya cire, iska ta rasa abin turawa. Zai sake tsirowa."

Mama Rifkatu ta kakkaɓe zanenta. "Wannan ne darasin, ɗana. Na farkon wa'azi ne. Ka zo Litinin."

Tun daga ranar, kafin in kira Allah shaida a gaban yara, sai na fara buɗe fiffiken na duba.