Da Rana Yake Aiki

Ko da zan manta da ranar aurena (kada Rahila ta ji wannan), ba zan taɓa mantawa da safiyar Juma'ar da aka buɗe firizarmu a unguwarmu ta Romi ba. Har yau in na bi ta mahauta iska ta kaɗo, sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Kowa cewa yake farar hula sun hau, wuta za ta zauna. Ta yiwu ta zauna a wani wurin, amma ba a layinmu ba. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a unguwar Television, matata Rahila kuma tana sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi. Sana'arta a kan abu biyu ta tsaya: firiza, da wani ɗan jan janareta da babanta ya saya mata da kuɗin sallamarsa daga masaƙa, shekara guda kafin ya rasu. Janaretan nan ƙara gare shi kamar injin niƙa, ga tari, ga shan mai, amma bai taɓa barin zoɓonta ya yi ɗumi ba.

Ni kuwa na tsane shi. Wata rana na je Kakau duba wani abokina, na ga faifan sola a kan rufin wani ɗan asibiti, fitila tana ci, fanka tana juyi, ba ƙara ba hayaƙi. Shi ke nan, abin ya shiga raina. Ina dawowa gida na ɗauko takarda da rula na ja layi a tsakiya. A ɓangaren janareta na jera fetur, baƙin mai, bakanike, layin gidan mai, ƙara, hayaƙi. A ɓangaren sola na rubuta abu ɗaya tak: rana kyauta ce. Na ja masa layi biyu da jan biro, irin wanda nake maka wa ɗalibai.

Na kai wa Rahila takardar tana tsaka da tace zoɓo. Ko hannu ba ta goge ba ta ce, "Baban Ishaku, ni dai ka bar mini janaretana. In kana son ranarka, ka saye ta daban."

Na ce, "Ba ki gane ba ne, wannan kimiyya ce."

Ta ce, "To."

(Na ɗauki wannan "to" a matsayin amincewa. Shekara tara da aure a lokacin, ka ji fa.)

Da ta tafi taron zumuntar matan majami'a na kwana huɗu a Kafanchan, sai na sayar da janaretan, na haɗa da ɗan abin da na tara, na haye gada zuwa cikin gari na je shagon wani Alhaji mai kayan wuta. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba. Ya ce zan buƙaci faifai, da inbata, da manyan batira huɗu. Da ya faɗi farashin batiran sai da na nemi benci na zauna. Na ce a ba ni ɗaya kawai, sauran ai ƙawa ce.

Na tambaye shi, "Zai dai ɗauki firiza ko?"

Ya ce, "Zai ɗauka, Malam. Amma fa a haka, da rana yake aiki."

Na ce, "Haba Alhaji, ai na sani. Da rana mana. Da me zai yi aiki, da wata?" Na yi ta dariya ni kaɗai. Ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce Allah ya sa albarka.

Rahila ta dawo ta tarar da gurbin janareta a share. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya tana kallon tabon baƙin mai a siminti, ta daɗe, sannan ta shiga ɗaki. Ni kuma na ce a raina za ta gode mini nan gaba.

Da farko abin ya yi kamar ni ne mai gaskiya. Bazara ce, rana tana dukan kwano tun safe, firiza tana gurnani. Da dare kuma masu wuta sukan ɗan kawo ta awa uku ko huɗu, ƙanƙara ta ƙara kamawa, ni kuwa duk yabon sola nake ba wa. Na zama mai wa'azi. Bayan sujada ranar Lahadi sai in tare maza a bakin majami'a in fito da takardata. Maƙwabta masu janareta na riƙa gaishe su da tausayi. Har wani dattijo na ce wa, "Baba, har yanzu kana sayen abin da Allah ya ba mu kyauta?"

Sai Agusta ta zo, kuma da ita auren Hannatu, ƙanwar Rahila, autar gidansu. Surukata, wadda muke ce wa Mama, ta shekara biyu tana kiwon wani ɗan bijimi a ƙauye domin wannan biki, tun da uban yarinyar ba ya raye kuma ba ta son dangin ango su ga gazawa. Ana saura mako guda taransifomar unguwa ta ƙone, duk Romi ta wajenmu ta yi ɗif. Aka zauna shawara, aka ce a bar yanka sai ranar Juma'a. Wa ya miƙe ya ce ba sai an jira ba? Ni. Na ce mahauta sun fi sauƙin samu ranar Talata, a yanka a kawo gidana, mu ba ruwanmu da taransifoma.

Mama ta dubi Rahila. Rahila ta dubi ƙasa.

Aka yanka, aka kawo, har da kaji goma sha biyu na gudummawar zumunta. Na shirya naman da hannuna, na rufe firiza, na kulle ta, na jefa makullin a aljihu. Na kafa doka kada kowa ya buɗe, don kada sanyi ya fita. Daga daren nan aka tsuge da ruwa, irin na Agusta da ba ya gajiya. Da tsakar rana in gari ya ɗan washe, 'yar koriyar fitilar firiza takan kama, in nuna wa Rahila da yatsa. Da magariba kuma inbata ta fara wani kuka, ɗit, ɗit, ɗit. Laraba Rahila ta ce, "Baban Ishaku, abin nan yana kuka, ka buɗe mu duba." Na ce alama ce tana aiki. Alhamis da kukan ya ishe ni, na ɗora mata filo.

Juma'a da hantsi matan zumunta suka iso da robobi da wuƙaƙe, cikin atamfarsu iri ɗaya, suna waƙa tun daga bakin layi. Mama tana gaba, uwar zumunta tana gefenta. Har da wata gwaggon ango da ta zo taya aiki. Na fito da makulli na ɗaga shi sama, na ɗan yi jawabi (wallahi na yi, kan yadda ƙasar nan za ta gyaru in mutane suka rungumi ilimi), sannan na murɗa na ɗaga murfin.

Ba zan kwatanta warin ba, don wataƙila kana cin abinci. Waƙa ta tsaya cak. Wata ta ja bakin zane ta toshe hanci, gwaggon ango ta koma tsakar gida da baya da baya. Naman ya yi kore-kore yana iyo a cikin jan ruwa. Mama ta leƙa sau ɗaya, ta nemi kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a gwiwa. Shekara biyu na dusa da harawa.

Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Amma ai Alhajin da kansa ya ce mini da rana yake aiki."

Uwar zumunta, wata tsohuwar nas 'yar Filato, ta sauke zane daga hancinta ta ce a hankali, "To, Malam, da dare fa?"

A nan ne maganar ta juye mini a kai. Ni ranar da ke sama na ji. Alhaji ranar da ke ƙarewa da magariba yake nufi. Kalmar da na sani tun ina rarrafe, ita ta kayar da ni a gaban mata ashirin, da makulli a hannuna.

An yi bikin. Matan zumunta suka bazu kasuwa suka samo kifi, aka yanyanka shi ƙanana don ya zagaya. Hannatu ta yi murmushi a hotuna, amma na ga Mama ta ƙi zama a teburin dangin ango, ta ce ƙafa ke damunta. Ni na haƙa ramin da aka binne bijimin a bayan gida, cikin ruwan sama, kuma ban bar kowa ya karɓi shebur ɗin ba.

Bayan kwana biyu na ba Rahila haƙuri. Na ce zan ƙaro batira, zan nemo wani janaretan. Ta ɗauko takardar nan tawa daga cikin littafin waƙoƙi inda nake ajiye ta, ta shimfiɗa a tebur.

Ta ce, "Ka sa fetur, ka sa ƙara, ka sa hayaƙi. Nuna mini inda ka sa cewa na Baba ne."

Na duba ɓangaren hagu, na duba na dama, kamar zan same shi.

Daga baya na sayi batiran, kuma gaskiya sola tana da amfani, yau ma da ita nake rubutun nan. Jan janaretan kuwa na bi sawunsa har hannu uku, ban same shi ba. A Romi har gobe Malam Da-Rana ake ce mini, jikokina ma sun ɗauka sunan yanka ne. Abin da na koya bai da yawa: in mai shago ya buɗe baki ya rufe, ka tsaya ka ji sauran. In kuma matarka ta ce "to", ka ajiye jan biron.