Alhaji Haladu da Igiyar Ladabi

Wani mutum ne a ƙungiyar mahaya dawaki ta garinsu, ana ce masa Alhaji Haladu Ajantina. Ba a ƙasar Ajantina aka haife shi ba. Ya dai taɓa zuwa sau ɗaya sayo injin tatsar madara, to tun da ya dawo babu zancen da za a ɗauko bai kai shi Ajantina ba. Ko ta'aziyya aka je, sai ya gaya wa masu makoki yadda ake mutuwa a can.

Kullum la'asar yana rumfar ƙungiya. Dogon takalmin hawa har gwiwa, yana ƙyalli kamar an lashe. Bulala a hammata. Hular kwano a kan cinya. Kayan hawa dai babu wanda ba a gan shi da shi ba, in ban da doki a ƙarƙashinsa. In an ce Alhaji a hau mana, sai ya ce yau bayansa ya riƙe. Gobe ya ce filin ya cika tauri. Jibi ya ce ya dubi idon dokin ya ga ba ya cikin natsuwa, shi kuwa ba ya son ya ɗauki alhakin dabba.

Amma fa a baki, Allah ya yi mahayi. Dokin mai baki ai ya fi gudu.

"A Ajantina," in ji shi, "in na shiga barga dawakai miƙewa tsaye suke yi."

Alhaji Tanimu, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda shi kam hawan yake yi da gaske, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Da a zaune suke?"

"Kai matsalarka ke nan, Tanimu. Ba ka fita waje ba."

Ana nan sai gardama ta ɓarke a ƙungiyar a kan wata igiya. Doguwar igiyar fata ce. Ana ɗaura ta a majayin sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, ta bi tsakanin ƙafafunsa na gaba, ta ratsa zoben linzami, ta dawo hannun mahayi. In ka ja, kan dokin sai ya sunkuyo, wuyansa ya lanƙwaso kamar baka. Samarin ƙungiyar suka gani a waya, suka ga dawakan Turawa na tafe wuya a tanƙware gwanin sha'awa, sai kowa ya ce shi ma dokinsa haka zai shiga gasa. Masu sonta suka sa mata suna igiyar ladabi. Waɗanda ba sa sonta suka ce a'a, igiyar shaƙa dai.

Rumfa ta rabu biyu. Mutanen da suka shekara suna cin tsire a takarda ɗaya suka koma kowa da tasa.

Alhaji Haladu shi ne limamin masu ladabi. Yana da dalili. Ya riga ya yi odar igiyoyin dami guda, suna jibge a bayan shagonsa, ga shi kuma yana neman a ba shi shugabancin kwamitin horar da dawaki. In aka hana igiyar a gasa, ya yi biyu babu.

Ranar taron yanke shawara, Dakta Saratu, likitar dabbobin ƙungiyar, ta miƙe ta yi bayani a tsanake. Ta ce igiyar a hannun gwani, a ɗan taɓa ta a saki lokacin horo, wannan wata magana ce. Amma a ɗaure wa doki haɓa a ƙirji a ce ya yi gudu, wuyansa zai sage, numfashinsa zai ragu, ba ya ma ganin gabansa sosai.

Alhaji Haladu ya yi wani murmushi irin na mai tausayi.

"Likita, Allah ya ƙara ilimi. Ke doki a littafi kika san shi. Ni a cinya na san shi."

"To Alhaji, kai in aka ɗaure maka haɓa a ƙirji aka ce ka yi gudu fa?"

"Ni doki ne?"

"Ban ce ba."

"Wannan igiyar da kike gani, da ita na horar da wani ingarma a Ajantina, baƙi ƙirin, ya kashe mutum bakwai. Kafin la'asar yana bina kamar akuya. Mai shi har kuka ya yi. Ku ba ni ita, ku ba ni jakin kasuwa, in ban ci muku kofi da shi ba ku canza mini suna."

Alƙalin gasar ƙungiyar wani tsohon ɗan sandan doki ne, Baba Sufeto Barau. Mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki. Duk surutun nan yana zaune yana jan carbi. Sai ya ɗago.

"Jaki ba ya cikin dokarmu," in ji shi. "Amma doki akwai. Ranar Asabar Alhaji Haladu ya hau da igiya, Alhaji Tanimu ya hau babu igiya. Zagaye ɗaya. Abin da muka gani shi za mu rubuta. Gani ya kori ji."

Rumfa ta ɗauki tafi.

Alhaji Haladu ya taɓa bayansa zai fara zancen ciwo, sai ya ga Dakta Saratu na kallonsa, jakarta ta allura a gefe. Ya sauke hannun.

"Asabar ta yi nisa," in ji shi. "Amma tunda kun ce."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhaji ya koma gida ya zauna tunani. Rabonsa da bayan doki tun yana makarantar firamare, shi ma a wurin mai hoto ne, wani yana riƙe da ragama. Sai ya ƙulla dabara.

Da farko ya ce ba zai hau dawakansa ba, kada a ce sun saba da shi. Aka nuna masa wani jan ingarma mai haniniya yana tonon ƙasa, ya ce wannan ya yi masa sauƙi, ba za a ga aikin igiyar ba. Ya zaga barga, ya zaga, har ya tsaya a kan Na-Allah. Na-Allah wani tsohon kili ne da ake koya wa sababbin shiga hawa da shi. Doki ne da ko ƙuda ya sauka masa a ido sai ya yi shawara kafin ya ƙifta.

"Wannan," in ji Alhaji. "Irinsu ne mugaye. Shiru-shiru."

Tanimu ya ce, "Na-Allah?"

"Ka gani? Kai ma ya yaudare ka."

Na biyu, da safiyar Asabar ya je bargar da kansa, wai duba lafiyar abokin aiki. Ya dinga tura wa Na-Allah dusa da harawa har cikinsa ya yi tim, don kada ma tunanin gudu ya zo masa. Na uku, ya ɓuya a bayan mota ya buɗe waya ya kalli yadda ake ɗaura igiyar. Baturiyar da ke bayani ta nuna yadda ake ratsa ta a zobe, ta nuna yadda ake ja, ta ɗaga yatsa ta ce amma abu mafi muhimmanci shi ne, sai data ta ƙare.

Alhaji ya ce ai ya fahimci sauran.

Da la'asar fili ya cika maƙil. Har waɗanda ba su san bambancin doki da alfadari ba sun zo, don an ce yau Ajantina zai hau. Filin zagayayye ne. Ana tashi daga gaban rumfa, a zagayo, a ƙare a wani farin layi da ke 'yar tazara ta bayan mahayan, kafin a kai wurin tashi. Can bayan layin kuma akwai dogon kwamin siminti inda dawakai ke shan ruwa.

Hawan ma sai da aka kawo benci, ƙarti biyu suka tallafa. Alhaji ya ce haka ake yi a can, girmamawa ce. Da ya daidaita a sirdi ya leƙa ƙasa, sai ya ga ashe doki dogon abu ne. Ƙasa ta yi masa nisa kamar daga saman bene. Nan take ya naɗe igiyar ladabi a hannun dama, ya naɗe a na hagu, ya ƙara naɗewa, ya ja iya ƙarfinsa. Haɓar Na-Allah ta manne da ƙirjinsa.

Masu ladabi suka ce, "Kai! Ka ga wuya!"

Alhaji ya ji daɗi, ya ƙara ja.

Baba Sufeto ya ɗaga tuta, ya sauke. Fyuu! Alhaji Tanimu ya ba dokinsa kai, ƙura ta tashi, sukutur sukutur, ya yi gaba.

Na-Allah bai motsa ba.

Alhaji ya ɗan taɓa shi da dunduniya. Tsohon dokin ya yi nazarin al'amarin. Ƙafa ta ce masa tafi, baki ya ce masa an rufe gaba. Shi kuwa doki ne mai biyayya, bai taɓa saɓa wa kowa ba. Sai ya ɗaga ƙafar baya, ya taka. Ƙwas. Ya ɗaga ɗayar. Ƙwas.

Ya kama tafiya da baya.

Ba gudu ba, ba gaggawa ba. A natse, kamar mai fita daga gaban surukai.

Jama'a suka miƙe tsaye suna leƙe.

Alhaji ya ga rumfa na wucewa ta inda bai zata ba. Tsoro ya kama shi, ya ƙanƙame igiya. Da ya ƙanƙame, Na-Allah ya ƙara sauri. Ƙwas ƙwas, ƙwas ƙwas.

Dakta Saratu ta ɗaga murya. "Alhaji, saki igiyar!"

"Ina sane, Likita!"

"Sassauta hannunka!"

"Salo ne! Ku ba ku san shi ba!"

Ya so ya sassauta ɗin, amma ya naɗe hannuwansa kamar mai shirin dambe, igiyar ta ƙi warwaruwa. Sai ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya shiga gaisawa da jama'a da ka yana wuce su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku. Alhaji Mudi, ya iyali? Sannunku da zuwa."

Wata mai sayar da zoɓo ta ga gindin doki ya nufo ta, ta janye kularta gefe, ta mayar bayan ya wuce.

Wutsiyar Na-Allah ta ƙetare farin layi. Alhaji ya ƙetare. Kan dokin, yana kallon ƙirjinsa, ya biyo baya. Ba su tsaya ba. Wani daga cikin masu ladabi ya yi ta maza ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, akwai kwami a bayanka."

"Na gan shi," in ji Alhaji, bai waiwaya ba, don wuyansa ya fi na dokin sagewa.

Ƙafafun Na-Allah na baya suka daki siminti, gum. Tsohon ya zabura ya yi gaba taku ɗaya, shi ne gaban da ya yi duk ranar. Alhaji bai bi shi ba. Ƙafafunsa suka fice daga likkafa, igiya ta zare daga hannunsa, ya sulale ta kan wutsiya.

Tsulum!

Ba abin da ake gani a kwamin sai dogayen takalma biyu a sama, suna ƙyalli.

Na-Allah ya ji an sake shi. Ya miƙe wuya har ƙashi ya yi ƙara, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, furrr, ya juyo ya sa baki a kwamin ta gefen kunnen Alhaji ya fara sha.

Daidai nan Alhaji Tanimu ya zagayo, ya ƙetare layi a sukwane, ya ja linzami ya tsaya. Ya dubi inda ya bar abokinsa, babu kowa. Ya dubi kwami.

"Haladu, lafiya?"

Alhaji ya ɗago kai daga ruwa, hular kwano ta juya baya, gansakuka a gemu. Ya tofar da ruwa. Da wani ne, da ya nemi hanyar gida. Amma shi sai ya ɗaga yatsa daga inda yake zaune, ruwa har ƙirji.

"Baba Sufeto, a faɗi gaskiya saboda Allah. Wa ya fara ƙetare layi?"

Baba Sufeto ya dube shi. Ya dubi layin. Ya sa carbinsa a aljihu, ya taka a hankali zuwa wurin lasifika, ya hura ta sau ɗaya, ya gyara murya.

"Jama'a, ga sakamako. Wutsiyar Na-Allah ta zo ta ɗaya. Alhaji Haladu ya zo na biyu. Kan Na-Allah ya zo na uku. Igiya kuma an hana."

Ya ɗan saurara, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci, sannan ya sake kai baki.

"Alhaji, in ka gama, sauran dawakin za su sha ruwa."