Yadda "Lafiya Lau" Ta Hana Inoussa Kwanon Rufi

Jiya na bar shagona a rufe, na sa rigar sallata, na raka maƙwabcina Inoussa mahauci wani biro, wato ofis, da aka ce an buɗe don jin ƙan waɗanda ruwa ya rusa wa gidaje. Mun dawo ba kwano ba ƙusa, sai ciwon baya na zaman benci.

Inoussa dai ɗakinsa na unguwar Tourou, nan Parakou, ne ya zauna ƙasa a ruwan bana. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Matarsa Khalida ta kwashi yara ta tafi gidan iyayenta a garin Djougou, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a zaurena, kusa da babur ɗina. Ga lakwal, wato makaranta, ta kusa komawa, kuma surukinsa ya ce ba zai sako masa iyali ba sai ya ji an yi rufi. Ni ban ga laifin tsohon ba.

Muka shiga gaban ma'aikacin biron, Mai Girma Sarkin Kujera Mai Juyawa, Allah ya ƙara wa fankarsa iska. Mutum ne mai fara'a, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ji mu Hausawa ne, sai ya ajiye Faransanci ya gaishe mu da harshenmu.

"Malam, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Inoussa.

"Yaya gida?"

"Gida lafiya lau, alhamdu lillahi."

Sai Mai Girma ya rufe alƙalaminsa. Ya ce, "To madalla. Nan wurin marasa gida ne. Wanda ya kwana lafiya, gidansa kuma lafiya lau, sai ya ba mabukata wuri."

Na yi masa yallaɓai da Faransanci, na ce, "Mushe, ai gaisuwa ce." Ya ce shi ma'aikaci ne, abin da mai ƙara ya faɗa da bakinsa yake aiki da shi. Mu dawo da la'asar in muna da wata magana.

Jama'a, ku duba mini. Mu da kakanninmu suka yi fataucin goro, aka san gidajenmu da saukar baƙi, yaushe aka taɓa tambayar mutum gida ya ce ya rushe? Bahaushe ko a gadon asibiti yake, da ƙarin ruwa a hannu, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Ashe wannan tarbiyya da iyayenmu suka sha wahalar dasa mana ita ce hujjar da biro ke jira. Gaskiya na yaba. Da wannan dabara, kafin kaka ba za a sami marar gida ko ɗaya a Parakou ba, kuma kwanon yana nan a sito ba wanda ya taɓa shi.

Muka zauna gindin mangwaro ina koya wa Inoussa rashin kunya. Na ce, "In na ce yaya gida, ka ce ya faɗi." Ya ce to. Na ce, "Yaya gida?" Ya ce, "Lafiya... ya faɗi lafiya." Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ga shi yana gumi a kan kalma biyu. Da kyar ya iya.

Da la'asar muka koma. Mai Girma ya ce, "Yaya gida?" Inoussa ya runtse ido ya ce, "Ya faɗi, ranka ya daɗe." Har na fara murna.

"Subhanallahi. To ina kake kwana?"

"Zauren Malam Sahabi, ga shi nan."

"Iyali fa?"

"Suna Djougou."

Mai Girma ya jingina da kujera ya ce, "Masauki a Parakou, masauki a Djougou. Malam, ni kaina wuri ɗaya gare ni." Ya juyo gare ni ya yi mini godiya a madadin biro, wai irinmu ne ke rage musu aiki. Wato da na bar maƙwabcina ya kwana a kwata, da yanzu ya cancanta. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don dai ni ne na zama mai laifin.

A hanya Khalida ta kira shi. Ina jin muryar ƙaramarsu tana tambaya ko Baba ya gyara ɗaki. Khalida ta ce, "Yaya aka yi a biron?" Inoussa ya juya mini baya, sannan ya ce, "Lafiya lau." Ban yi dariya ba wannan karon.

Yau da safe sai ga Mai Girma a teburin Inoussa yana zaɓen tsoka. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya."

To, a duk garin nan shi kaɗai na sani da ke amsa gaisuwa da gaskiya.